Gargaɗi: Ƙwaya Tana da Arha, Jinyarta Ta Fi Ƙarfin Talaka

Jama'a, ku tsaya ku ji. Ƙwayar da ke cin 'ya'yanmu ana samunta a tasha, a bakin kasuwa, a kan tiren mai talla, da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Jinyar da za ta raba yaro da ita kuwa sai an sayar da fili, ko an kai keken ɗinkin uwarsa kasuwa. Shiga da arha, fita da tsada. Dokar inshorar lafiya tana nan a rubuce, amma ku tambayi talakan da ɗansa ya kamu ko ya ga amfaninta a wannan jinya. Ku tambaye shi ku ji.

Kada wani ya ce abin bai kai haka ba. A 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wato UNODC, sun bi ƙasar nan sun ƙirga. Mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 4.6 dangin ofiyom suke sha ba da umarnin likita ba: tiramadol, kodin, mofin. Miliyan 2.4 maganin tari suke ɗirka. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. A jihar Kano kaɗai an ƙiyasta sama da mutum miliyan ɗaya. Wannan lissafin 2018 ne fa. Daga lokacin zuwa yau, rayuwa sauƙi ta yi ko tsanani? Aikin yi ƙaruwa ya yi ko raguwa? Ku ba kanku amsa.

Akwai wani adadi a cikin wannan binciken da ya kamata ya hana ɗan majalisa barci. Cikin waɗanda shan ya yi wa mugun kamu, kusan kashi 40 cikin ɗari sun ce sun so a yi musu magani, ba su samu hanya ba. Sun so su bari. Da bakinsu suka faɗa. Me ya tare su? Tsadar jinya, da tsoron tsangwamar mutane. Kenan duk mai cewa ɗan ƙwaya ba ya son warkewa, bai saurari 'yan ƙwaya ba.

Mun iya hani. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da bincikenta kan yadda ake kwararo maganin tari mai kodin zuwa hannun matasa, washegari gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi. An yi tafi. To, waɗanda jikinsu ya riga ya saba fa? Ina aka kai su? Wa ya biya musu kuɗin gado a asibiti? Babu. Sai suka koma tiramol, wato tiramadol. Tiramadol da likita ke rubutawa milgiram 50 ne ko 100. Wanda ke yawo a unguwa 200 ne, 225, 250. Da aka matsa wa wannan, sai ga sabuwa. A Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya nuna yadda ake haɗa tafentadol da karisofrodol a Indiya, ana turo su Najeriya da Gana da Kwaddibuwa da sunaye irin su Tafrodol. Indiya ta hana haɗin bayan asiri ya tonu. Kuna zaton 'yan fatauci sun tuba? Muddin mai buƙata yana nan ba a yi masa magani ba, mai kawowa zai sami abin kawowa.

Ku dubi Saliyo. A Afrilun 2024 Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci saboda abin mayen nan da ake kira kush, kuma gwaji ya nuna ana zuba masa sinadaran nitazin, dangin ofiyom na ƙirar masana'anta da ke kisa da ɗan kaɗan. Saliyo Afirka ta Yamma ce, hanyar fatauci ɗaya muke bi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Iyaye, yanzu ku dubi cikin gida. Yaronku yana gyangyaɗi da rana tsaka, yana magana yana lumshe ido? Baƙin tsakiyar idonsa ya ƙanƙance ko a cikin inuwa? Yana yawan susa? Ya daina cin abinci sosai, ya rame, kullum kukan ciki ya ɗaure? Ya taɓa faɗuwa yana jijjiga, alhali babu farfaɗiya a danginku? Tiramol tana jawo wannan, kada a tsaya neman iska. Kuɗin cefane yana ɓata? Waya ta ɓace, sai dutsen guga, sai ɗan kunnen uwarsa? Ku lura da safiyar da bai samu ba: hamma ba iyaka, majina da hawaye, zufa, gudawa, ciwon ƙashi, faɗa da kowa. Ba zazzaɓin cizon sauro ba ne. Jiki ne ke neman abin da ya saba.

Kada ku dubi samari kaɗai. Ku dubi amaryar da ke kulle ɗaki da rana. Ku dubi bazawarar da baƙin ciki ya hana ta barci. Ku dubi lebura, da ɗan acaɓa, da mai haƙar ma'adinai, da manomin da ke haɗiyar ƙwaya don ya yi aikin mutum biyu. Da yawa ba don nishaɗi suka fara ba. Ciwon baya ne, gajiya ce, ko allurar fentazosin da aka fara yi wa mai sikila don ciwo ya lafa, ta bi jiki. Mace ta fi shiga uku, domin ita ɓoye ta ake yi. Ana tsoron kada aure ya mutu, kada a ƙi neman ƙannenta. Ana ta ɓoyewa har ranar da za a ɓalle ƙofa.

To, kun gane. Yanzu sai ina?

Asibitocin ƙwaƙwalwa suna nan: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri, Dawanau a Kano, da sashen da ke asibitin koyarwa na Aminu Kano. Amma gado ƙalilan ne, masu nema kuwa tuli. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200, kuma kullum wasu na ficewa waje. Ko an sami gado, akwai kuɗin kati, kuɗin gwaji, kuɗin magani, kuɗin abinci, kuɗin mota daga ƙauye, da ranakun aikin da mai jinya zai rasa. Wannan ciwo ba ya jin maganin kwana uku. Watanni yake ci, wani lokaci shekaru. Cibiyoyi masu zaman kansu kuwa dubban ɗaruruwan naira suke karɓa. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, ga wanda ma ke da albashin. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya daga aljihun marar lafiya yake fita, yaya uba mai 'ya'ya takwas zai yi?

Kun san abin da yake yi. Gidan mari yake kai shi. Kun manta Rigasa? A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Kaduna, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, da tabon duka a baya. Bayan 'yan makonni aka sake gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne. Sun rasa inda za su kai su ne da kuɗin da suke da shi. An rufe gidajen, an kama masu su. An buɗe wa iyayen wata ƙofar? Matuƙar asibiti ya fi ƙarfin aljihu, mari zai dawo, ko da a ɓoye.

Ku riƙe wannan da kyau, domin rai ya rataya a kai. Wanda aka kulle wata biyu ko uku bai sha ba, jikinsa ya manta ƙarfin ƙwayar. Ranar da ya fito, idan ya koma ya haɗiyi adadin da ya saba a da, numfashinsa na iya tsayawa. Shi ya sa makonnin farko bayan fitowa daga gidan yari, ko gidan mari, ko ma asibiti, suka fi kowane lokaci haɗari. Kullewa kaɗai ba ta warkarwa. Tana iya kai yaro kabari a makon da ake murnar ya shiryu.

Magani yana nan. Ba sabon abu ba ne. Metadon da bufrenofin suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005. Suna kwantar da azabar rashin ƙwaya, suna kashe kwaɗayinta, mutum ya iya tashi da safe ya tafi sana'arsa ba a buge ba. Bincike ya nuna suna rage mutuwa da kusan rabi ga wanda ya tsaya a kansu. Akwai kuma nalokson, wanda ke farfaɗo da mutumin da ƙwaya ta danne wa numfashi cikin 'yan mintoci. Tanzaniya ta buɗe asibitin metadon a Muhimbili, Darussalam, tun 2011. Kenya ta bi sahu a 2014. Su ma ba attajiran ƙasashe ba ne. Likita ne zai duba ya ga abin da ya dace da kowane mutum, domin mai shan tiramol da mai allurar hiroyin ba jinya ɗaya suke buƙata ba. Amma ku shiga asibitin shan-ka-tafi na unguwarku ku tambayi nalokson. Ku ji abin da za a ce muku.

Yanzu ga maganar doka. A ranar 19 ga Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA. Ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa. Ta kafa asusun marasa galihu, aka ce zai ɗauki nauyin talakawa miliyan 83. A Janairun 2023 ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Kafin su akwai dokar lafiya ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Jihohi ma sun kafa hukumomin taimakekeniyar lafiya: KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, JICHMA a Jigawa. Takardu sun cika. Amma har yanzu masu inshora 'yan ƙalilan ne, kuma akasarinsu ma'aikatan gwamnati ne da na manyan kamfanoni. Ɗan acaɓan da ke haɗiyar tiramol yana ciki? Bazawarar nan tana ciki?

Ko mai katin ma kada ya saki jiki. Malam, ɗauko takardar inshorarka yau. Nemi shafin abubuwan da ba a biya. Kamfanonin inshora masu zaman kansu da yawa suna sa jarabar ƙwaya a wannan shafin. Duba kwana nawa aka yarda a kwantar da mutum a shekara. Je ofishinsu ka yi tambaya ƙarara: idan ɗana ya kamu da tiramol, me za ku biya, har tsawon wane lokaci? Ka ce a rubuta maka amsar. Kada ka bari sai kana tsaye a bakin tagar biyan kuɗi, yaro na kwance, sannan ka ji.

Amurka ta bi wannan hanya kafin mu, kuma jinkiri ya ci mata rayuka. Can ma da ƙwayar kashe ciwo ta asibiti abin ya fara a shekarun 1990, ya koma hiroyin, ya koma fentanil. A 2008 suka yi dokar da ta hana kamfanin inshora ya tsananta sharuɗɗan jinyar jaraba fiye da na sauran cututtuka. A 2010 dokar lafiya ta zamanin Obama ta sa wannan jinya cikin abubuwan da dole inshora ta ƙunsa. Duk da haka kamfanoni suka riƙa jan ƙafa, suna cewa sai an nemi izininsu kafin likita ya ba da magani, mutum yana jira kwanaki yana cikin azaba. Sai a 2018 aka wajabta wa Medicaid, inshorar talakawansu, biyan magungunan jarabar ofiyom. Sai a ƙarshen 2022 aka cire lasisi na musamman da ke hana yawancin likitoci rubuta bufrenofin. Sai a 2023 aka yarda a sayar da nalokson a kanti ba takardar likita. Kafin a kai nan, a 2021 da 2022 sama da mutum 100,000 ke mutuwa kowace shekara sanadin shan ƙwaya fiye da kima. Kowane gyara sai da gawawwaki suka taru aka yi shi. Su da ke da kuɗi da likitoci da motocin ɗaukar marasa lafiya kenan. Mu me muke jira?

Na san abin da wasu za su ce. Shi ya jawo wa kansa, don me za a biya masa da kuɗin jama'a? To, ɗan acaɓan da ya yi gudun wuce sa'a ya karye, asibiti na korarsa? Mai ciwon sukari da ya ƙi bin dokar abinci, ana yaga katinsa? Kuma wa ya ce yanzu ba kuɗinku ake kashewa ba? Kuna biya a wayar da aka ƙwace muku da wuƙa. Kuna biya a hatsarin mota. Kuna biya a ciyar da shi a gidan yari, inda zai fito ya fi da lalacewa. Kuna biya a auren da ya mutu da 'ya'yan da aka bari a titi. Wasu kuma za su ce ai musayar ƙwaya da ƙwaya ce, kuma metadon ɗin ma kasuwa zai faɗa. Wannan tsoron yana da tushe, mun ga yadda kodin ya fita daga kamfani ya shiga lungu. Shi ya sa a inda ake ba da shi, a gaban ma'aikacin lafiya ake sha, da awo, da rajista. Dokar da za ta biya kuɗin ita za ta sa wannan tsaro.

Ranka ya daɗe ɗan majalisa, da kai nake. A Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu fataucin ƙwaya. Kun nuna kuna iya sauri idan maganar hukunci ce. A hukunta mai fatauci, ba mu ƙi ba. Hukumar NDLEA ƙarƙashin Buba Marwa tana kama kwantena bayan kwantena tun 2021. Amma miliyoyin da suka riga suka kamu fa? Gidan yari nawa za ku gina?

Ku rubuta shi a doka, da harshen da ba ya karɓar tawili: jarabar dangin ofiyom ciwo ce da inshora za ta biya, ta tarayya da ta jiha da ta 'yan kasuwa. Ku ambaci magungunan da sunansu, don kada wani akawu ya ce ba sa cikin jeri. A biya ganin likita, da gwaji, da gado idan ya kama, da zaman shawara bayan sallama, domin a nan ne yawanci ake komawa ruwa. Kada a ƙayyade jinyar da 'yan kwanaki. Kada a ce sai an jira izinin kamfani kafin a fara, domin wanda ya zo yau da niyyar bari, idan aka ce ya dawo mako mai zuwa, wurin dila zai wuce. A sa wanda ba shi da aiki cikin asusun marasa galihu, kuma a zuba wa asusun kuɗi na gaske a kasafi, a sake su a kan lokaci. Nalokson ya kasance a kowane asibitin matakin farko. Mata su sami ɗakinsu da ma'aikata mata. Sannan a kare sirri: ma'aikacin da ya nemi magani da katinsa kada labarin ya isa teburin ogansa. In ba haka ba, ba wanda zai fito.

Gwamnoni, ba sai kun jira Abuja ba. Hukumar taimakekeniyar jiharku a hannunku take. Majalisar jiha na iya faɗaɗa abin da take biya a zama ɗaya.

Allah gafarta Malam, mumbari a hannunka yake. Ka faɗi haramcin maye, gaskiya ne. Ka ƙara da cewa kai yaro asibiti ba abin kunya ba ne, kuma zakka da wakafi na iya biya wa talakan unguwa kuɗin shiga inshora. Masu unguwanni da dagatai, kun san gidajen da abin ya shafa fiye da kowa. Ƙungiyoyin mata, 'yan kasuwa, ƙungiyar direbobi da ta masu adaidaita sahu, 'ya'yanku ne a ciki. Ku rubuta wa wakilinku takarda, ku sa hannu da yawa, ku kai ofishinsa na mazaɓa. Ku kira gidajen rediyo. Idan an kira zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafin lafiya, ku cika zauren. Masu neman ƙuri'a za su zo ƙofarku da atamfa da taliya. Ku tambaye su: wane ƙudiri ka kai kan jinyar 'yan ƙwaya? Yaushe? Ina ya tsaya?

Amma kada uwa ta zauna jiran doka alhali ɗanta na ciki. Hajiya, idan kin ga alamun nan, gobe da safe ki sa mahaifinsa ko kawunsa su kai shi asibitin gwamnati mafi kusa, a nemi sashen ƙwaƙwalwa. Ku faɗa wa likita gaskiya: me yake sha, guda nawa, tun yaushe. Kada ku yanke masa ƙwayar da ƙarfi a gida, ku bar likita ya tsara yadda za a janye ta. Ku je hukumar taimakekeniyar jiharku ku yi rajistar iyali tun kafin buƙata ta taso. NDLEA ma ta buɗe layin neman taimako kyauta a 2022: 0800 1020 3040.

In kuwa da dare kuka same shi kwance, kun girgiza shi bai motsa ba, numfashi yana fita da ƙyar ko yana wani irin minshari, leɓɓansa sun canza launi, kada ku ce a bar shi ya yi barci ta sake shi. Kada ku ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. Kada ku tsaya sheƙa masa ruwa. Ku kwantar da shi a gefensa, ku nemi mota ko adaidaita nan take, ku tafi asibiti da kwalin abin da ya sha. Da kun isa, ku ce ƙwaya ce ta yi masa yawa, ku tambayi nalokson.